Aikin 'Yan Jarida Masu Bincike da Amfaninsa ga Jama'a

Jama'ar ƙasar Kebbe da Tambuwal, an shirya wannan darasi domin a karanta shi a makarantu da azuzuwan yaƙi da jahilci da zaurukan masu unguwanni, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kowa a cikinmu yana jin labari kullum, ko a rediyo, ko a kasuwa, ko a wayar hannu, amma kaɗan ne su ke tsayawa su tambayi kansu yadda mai ba da labarin ya san abin da ya ke faɗi. Akwai waɗansu ma'aikatan jarida waɗanda sana'arsu ke nan, watau bin sawun magana har sai sun ga inda ta tsaya. Su a ke kira 'yan jarida masu bincike. Nufinmu a nan mu bayyana yadda su ke aiki, da abin da ya raba aikinsu da jita-jita, da kuma abin da ya kamaci talaka da ma'aikacin hukuma su yi in irin wannan mutum ya zo musu da tambaya.

Wane ne Ɗan Jarida Mai Bincike?

Yawancin labaran da mu ke ji na yau da kullum ne. An buɗe asibiti, ko Gwamna ya yi jawabi, ko an fara sayar da taki, sai wakilin jarida ya je ya gani, ya rubuta, a buga. Wannan aiki ne mai amfani, amma ba shi da wuyar samu, domin masu abin su da kansu su ke gayyato shi.

Aikin mai bincike dabam ya ke, kuma a kan gane shi da alama 3. Ta farko, shi da kansa ya tono maganar, ba a miƙa masa ita a rubuce ba. Ta biyu, maganar ta shafi jama'a, watau lafiyarsu ko dukiyarsu ko haƙƙinsu. Abin da mutum ya ke yi a cikin gidansa tsakaninsa da iyalinsa ba ruwan jarida da shi. Ta uku, akwai wanda ba ya son maganar ta fito, ko don zai ji kunya, ko don zai yi hasara.

Sai a lura, ɗan jarida ba ɗan sanda ba ne, ba kuwa alƙali ba ne. Ba shi da ikon kama kowa, ba shi da ikon yanke wa kowa hukunci. Iyakar abin da ya ke iyawa shi ne ya tara hujja ya shimfiɗa ta a gaban jama'a, sa'an nan hukuma da kotu da majalisa su yi nasu aikin.

Wannan hali na tantance magana ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun san wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, da halin kowane ɗayansu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma, a cikin Kitabul Farƙi, ya jera irin zaluncin da masu mulkin zamaninsa su ke yi wa talakawa ɗaya bayan ɗaya, har da karɓar gaisuwa, ya rubuta domin a sani a gyara. Aikin jarida da Hausa kuwa ya kafu sosai ne da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya cikin Janairu 1939, wadda Malam Abubakar Imam ya yi wa edita, ta kuma ba masu karatu fili su aiko da wasiƙu su faɗi abin da ya dame su.

Abin da ya Faru a Kano

Domin a fahimci aikin sosai, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko har ƙarshe. Kowa a nan ya san sanƙarau, ya san yadda ya kan zo da bazara ya kama yara. A shekarar 1996 aka yi annobarsa a arewacin Nijeriya, wadda ta kashe mutum fiye da 10,000. Ana cikin wannan hali sai ma'aikatan wani babban kamfanin magani na Amurka mai suna Pfizer su ka sauka a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano da wani sabon magani, Trovan, wanda su ke so su gwada. Su ka ɗauki yara kamar 200, su ka ba wajen rabinsu sabon maganin, sauran kuma su ka ba su wani sanannen magani da a ke amfani da shi tun da. Yara 11 su ka rasu, 5 daga cikin waɗanda aka ba Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren. Waɗansu su ka rayu da kurumta ko shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni baƙin su ka koma ƙasarsu.

Shekara huɗu da wani abu maganar tana kwance, ba wanda ya ɗaga ta a bainar jama'a. Sai cikin Disamba 2000 jaridar Washington Post ta Amurka ta buga jerin rahotanni a kan yadda kamfanonin magani su ke gwaje-gwaje a ƙasashe matalauta, kuma rahoton farko, wanda wakilinta Joe Stephens ya rubuta, a kan Kano ya ke. Babbar tambayar da rahoton ya tayar ita ce, shin an gaya wa iyayen yaran cewa gwaji a ke yi, sun kuma yarda? Ba a sami takardun da iyaye su ka sa hannu ba. Kamfanin ya ce an yi musu bayani da Hausa sun kuma yarda da baki, ya ce maganin ya ceci rayuka, kuma cutar ce da kanta ta jawo mace-macen da naƙasar. Jaridar ta buga wannan amsa tare da zargin.

Ba ta tsaya nan ba. Ƙa'ida ita ce, kafin a gwada magani a jikin mutane sai wani kwamitin likitoci ya duba ya ba da izini. Kamfanin yana riƙe da wasiƙar izini mai kwanan watan Maris 1996. Da aka bi diddiginta, sai jaridar ta ba da labari cikin Janairu 2001 cewa a lokacin da wasiƙar ta ambata ba a ma kafa kwamitin ba tukuna, watau daga baya aka rubuta ta aka mai da kwanan wata baya.

Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda ya gama aikinsa a 2001 ya kuma sami kamfanin da laifin gwada maganin da ba a yi wa rajista ba. Amma rahoton bai fito ba, ya zauna a ɓoye shekara 5, har sai da jaridar nan ta sami kofensa ta buga abin da ke ciki a watan Mayu 2006. A 2007 Gwamnatin Jihar Kano da ta Tarayya su ka kai kamfanin ƙara. A 2009 aka yi sulhu da Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Aka ware miliyan 35 domin waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 domin ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Cikin Agusta 2011 iyalai 4 na farko su ka karɓi dala 175,000 kowannensu.

Mai karatu ya lissafa da kansa: daga 1996 zuwa 2011 shekara 15 ke nan. Ba jarida ce ta yanke hukunci ba, ba ita ta biya kowa diyya ba. Amma da ba ta tono maganar ba, da wuya iyayen nan, waɗanda yawancinsu talakawa ne marasa karatun boko, su sami mai sauraronsu.

Bincike da Jita-jita

Ga ɗaya gefen maganar, wanda ya kamata mu riƙe da kyau. A 2003 wata magana ta bazu a Arewa cewa ɗigon rigakafin shan inna yana hana haihuwa. Mutane da yawa su ka yarda, wani abin da ya ƙara musu tsoro kuwa shi ne tunawa da abin da ya faru a 1996. Aka dakatar da rigakafin a Kano har zuwa Yuli 2004. Cikin wannan tsakani cutar ta sami sarari, ta shanye ƙafafun yara da yawa, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashen da su ka riga su ka rabu da ita. Da aka koma ga rigakafin aka dage, sai ga shi cikin Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ainihin ƙwayar shan inna mai yawo ta ƙare a nahiyar Afirka.

To, a dubi maganganun nan biyu. Gari ɗaya ne, kuma duka a kan lafiyar yara da maganin Turawa su ke. Ta farko tana da takardu, da sunayen shaidu, da kwanan wata, da amsar wanda a ke zargi, ta kai ga kotu da diyya. Ta biyu daga baki zuwa baki ta ke yawo, in ka tambayi mai faɗinta inda ya samo ta sai ya ce haka a ke cewa, ta kuma bar mana guragu. Saboda haka kada wani ya ɗauka cewa duk mai tona asiri mai bincike ne. Hujja ita ce ma'auni.

Ƙa'idodin Aikin

Ɗan jarida na kirki yana da ƙa'idodin da ba ya ƙetarewa, kuma ya kamata mai karatu ya san su domin ya iya auna abin da ya karanta.

1. Ba ya dogara ga bakin mutum ɗaya. In wani ya kawo masa ƙara, sai ya nemi wani dabam wanda ba su haɗa baki ba, ya ji ko maganarsu ta zo ɗaya. Ya kan kuma tambayi kansa abin da mai kawo ƙarar zai samu in an buga.

2. Yana neman takarda. Misali, a 1999 mujallar TheNews ta binciki Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Alhaji Salisu Buhari na Kano, wanda ya ce ya yi digiri a Jami'ar Toronto ta Kanada. Aka tambayi jami'ar, ta ce ba ta ba shi digiri ba. Aka kuma gano ya ƙara wa kansa shekaru domin ya kai 30 da dokar wancan lokaci ta ce sai ɗan majalisa ya kai. Ya sauka daga muƙaminsa cikin Yuli 1999, ya kuma amsa laifinsa a kotu.

3. Yana zuwa wurin da kansa, domin gani ya kori ji.

4. Yana ba wanda a ke zargi dama ya kare kansa kafin a buga, ya kuma buga amsarsa yadda ya faɗe ta.

5. Yana riƙe amanar wanda ya ba shi labari a asirce, ba ya bayyana sunansa ko da an matsa masa.

6. Ba ya karɓar na goro, ko don ya buga ko don ya danne.

7. In ya yi kuskure, ya kan fito fili ya gyara.

Ba za mu ɓoye ba, akwai ɓata-gari a cikin wannan sana'a kamar kowace sana'a. Akwai mai zuwa wa ma'aikaci da barazana, ya ce in ba a ba shi kaza ba zai fallasa shi. Akwai wanda ɗan siyasa ya ke biya domin ya ɓata sunan abokin hamayyarsa. Waɗannan ba masu bincike ba ne, kuma doka ta ba duk wanda aka yi wa ƙazafi a jarida ko rediyo ikon ya kai ƙara kotu ya nemi haƙƙinsa.

Haɗarin Aikin

Mai tono abin da manya su ka binne ba ya rasa maƙiya, tarihin ƙasarmu kuwa ya nuna haka. A 1973 aka aske wa Minere Amakiri, wakilin jaridar Nigerian Observer, kai da ƙarfi, aka yi masa bulala a Fatakwal saboda ya buga koken malaman makaranta. Ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya ta sa aka biya shi diyya. A 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara guda a ƙarƙashin Dokar Soja ta 4. Ran 19 ga Oktoba 1986 aka aika wa Dele Giwa, babban editan mujallar Newswatch, da bom a cikin ƙunshin wasiƙa a gidansa da ke Ikko, ya tashi da shi ya rasu, har yau kuwa ba a hukunta kowa a kan kisan ba. A 1996 Bagauda Kaltho, ɗan Arewa, wakilin TheNews a Kaduna, ya ɓace a zamanin mulkin Janar Sani Abacha, ba a sake ganinsa ba.

Mun kawo waɗannan sunaye ne domin mai karatu ya san cewa 'yancin da ya ke da shi na jin gaskiya ba a banza aka same shi ba.

Abin da Doka ta Ce

Wataƙila wani ya yi mamaki, ya ce yaya ofishin watsa labarai na Gwamnati zai yabi masu binciken Gwamnati? Amsa ita ce, doka ce ta ɗora musu wannan nauyi. Sashe na 22 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa jaridu da rediyo da talabijin aikin sa ido a kan Gwamnati domin ta sauke nauyin jama'a da ke kanta. Sashe na 39 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin faɗin ra'ayinsa da karɓar labari da isar da shi. Ran 28 ga Mayu 2011 kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba kowane mutum, ba ɗan jarida kaɗai ba, ikon ya rubuta wa ma'aikatar hukuma ya nemi bayani ba tare da ya faɗi dalilinsa ba. Ma'aikatar tana da kwana 7 ta ba da amsa, in kuwa ta ƙi sai ta rubuta dalilinta, mai nema kuma yana iya zuwa kotu. Akwai abubuwan da dokar ta keɓe, kamar asirin tsaron ƙasa.

Ban da doka ma, hankali ya nuna haka. Gwamna yana Sakkwato, ba zai iya ganin kowace rijiya da kowane aji da ke ƙauyukan jihar ba. In an rubuta masa cewa an gama aiki alhali ba a gama ba, wanda ya nuna masa gaskiya ya taimake shi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya Shafe Mu

Kada mutumin Kuchi ko Margai ko Dogon Daji ya ɗauka wannan magana ta mutanen birni ce. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, waɗanda ba su da nisa da mu, inda a ke niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 su ka rasu. Likitocin sa kai ne su ka fara ganowa, aka kuma share ƙauyuka da dama, amma garin Bagega ya zauna yana jiran kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari. Likitoci ba su iya fara yi wa yaran magani ba sai an kwashe ƙasar da ta gurɓace. Manema labarai da ƙungiyoyi da waɗansu samari masu bin sawun kuɗin hukuma su ka dinga tambaya ina kuɗin ya tsaya, har aka sake shi a farkon 2013 aka yi aikin.

A ce a wani ƙauye an kafa allo cewa an ba da kwangilar gina aji biyu, shekara ta zagayo ba a ga kome ba sai harsashi. Me ya kamata mutanen garin su yi? Da farko su rubuta abin da ke jikin allon, watau sunan aikin da hukumar da ta bayar da ɗan kwangila da kwanan wata, su ɗauki hoto. Sa'an nan su bi ta hannun mai unguwa da hakimi da kansilansu su tambaya, a rubuce, su ajiye kofe. Mai yiwuwa akwai dalili, kamar a ce ba a saki kuɗin ba. In an yi ta kai da kawowa ba amsa, suna da ikon su kai wa ɗan jarida, da takardunsu a hannu.

In ɗan jarida ya zo muku, ku tambaye shi sunansa da gidan da ya ke wa aiki, ku ga katin shaidarsa. Ku faɗa masa abin da ku ka gani da idonku, ku ware shi daga abin da ku ka ji. Kada ku ƙara gishiri domin ku ɓata wani da ku ke gaba da shi, gama ƙarya ɗaya ta isa ta rushe gaskiya goma. In kuna tsoron abin da zai biyo baya, ku ce masa kada ya ambaci sunanku tun kafin ku fara magana.

Ku kuma 'yan'uwanmu ma'aikatan hukuma, in an zo muku da tambaya ku amsa abin da doka ta yarda ku amsa, cikin ladabi da kan lokaci. Rufe ƙofa ba ya kashe magana, sai dai ya sa a yi zaton abin da ya fi gaskiyar muni.

Daga ƙarshe, duk wanda ke da wayar hannu a yau ya zama mai watsa labari. Kafin ka tura wa wani saƙo, tambayi kanka abu huɗu: wa ya faɗa, ina hujjarsa, yaushe abin ya faru, an kuwa ji ta bakin wanda a ke zargi? In ba ka sami amsa ba, bar saƙon ya tsaya a wurinka. Allah ya sa mu gane gaskiya, ya ba mu ikon binta, amin.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Kawo alama 3 da a ke gane aikin bincike da su.

2. Shekara nawa aka yi tsakanin gwajin magani a Kano da biyan diyyar farko? Wane aiki jarida ta yi a ciki, wane kuma Gwamnati da kotu su ka yi?

3. Mene ne bambancin labarin Trovan da maganar da ta bazu a kan rigakafin shan inna a 2003?

4. Don me ya wajaba ɗan jarida ya ji ta bakin wanda a ke zargi kafin ya buga labari?

5. Kwana nawa doka ta ba ma'aikatar hukuma ta amsa wa mai neman bayani?

6. In an bar wani aikin jama'a ba a gama ba a garinku, waɗanne matakai za ku bi, ɗaya bayan ɗaya?